Yadda Mati Ya Ɗauki Gara Aiki

A garinmu Tudun Marke, can arewa da Ɗanbatta, babu wanda bai san Mati ba, ba kuwa don wani abin kirki ba, sai don bakinsa. Mutum ne da bai taɓa jin labari ya ce yau ya fara ji ba. In ka ce ka hango kura, shi ya taɓa riƙe wutsiyarta. In injin ban-ruwanka ya yi tari, tun daga nesa zai gaya maka abin da ke damunsa, in kuwa ka yi gangancin ba shi ya taɓa, sai dai ka nemi 'yan gwangwan. Basiru mai lambu shaida ne, har yau da guga yake ban-ruwa. Mun dai saba da Mati kamar yadda ake sabawa da ciwon haƙori.

Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarun tsadar nan, lokacin da takin zamani ya yi tashin gwauron zabi, ya zama sai dai talaka ya gan shi a kanti ya wuce. Ƙasar tamu kuwa ta gaji. Gona na jikin gona, babu wadda ake bari ta huta ko da damina ɗaya, tun zamanin kakanni ake tatsarta. Inda a da ake ɗaure dami har a rasa jakin kwasa, yanzu ƙuduji ne ke fure abinsa. Wasu wuraren ma sun zama faƙo, ruwa ya sauka ya gangare kamar an zuba a kan siminti. Mafi munin faƙon garin kuwa gonar Mati ce, don da an yi girbi yake sayar da kara da harawa kaf, ko tsinke ba ya bar wa ƙasa.

Abu guda ne mai daraja a gidansa, rumbun gero. Shi ma ba ƙoƙarinsa ba ne. Rabin geron daga 'yar gonar da matarsa Safara'u ta gada ya fito, rabin kuma ita ta tsaya kai da fata ta hana a kai kasuwa. A al'adar garinmu, in an zuba dami a rumbu da kaka, sai a kifa masa jinka, ba a sake buɗewa sai ruwa ya sauka. Rani a lallaɓa da rogo da garin kwaki da ɗan abin da maigida ya samo. Rumbu na damina ne, lokacin da aiki ke yawa, hatsi ke ɓuya. A irin shekarun nan, wanda ya shiga damina ba rumbu, shi da 'ya'yansa sai abin da Allah ya yi.

Rumbun na zana ne, an ɗora shi a kan itatuwa, itatuwan a kan duwatsu. Kullum Safara'u ta kwashe tokar murhu sai ta barbaɗa a ƙarƙashinsa, kajinta kuma nan suke wuni suna tono. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san dalili, don gara ake yi.

Ran nan Mati ya tafi kasuwar Ɗanbatta, ba saye ba sayarwa, yawon baki kawai. Sai ya tarar da taro a gindin wata darbejiya, wani malamin gona mai suna Ja'afaru yana yi wa manoma bayani. Yana cewa ƙasa abu ce mai rai. Akwai halittu a cikinta, wasu ido na gani, irin su tana da buzuzu da gara, wasu ba ya gani, su ne ke narka kara da kashin dabbobi su mayar da su abincin shuka. Ya ce mai faƙo ya haƙa ƙananan ramuka tun da rani, ya zuba busasshen taki da guntayen kara, ya tafi gida abinsa. Gara da kanta za ta zo ta ci, ta huda ƙasar, in ruwa ya sauka ya sami hanyar shiga.

Wani ya tambaya yaushe za a ga amfani. Malamin ya ce sai a hankali, abin yana son haƙuri. Wannan kalma ta haƙuri ita ta kori Mati daga wurin.

Da la'asar sai ga shi a majalisarmu ta gindin marke, yana tafe yana gyara hula.

"Jama'a, ku daina kukan taki. Na gano bakin zaren."

Malam Hadi, maƙwabcinsa da danga ɗaya ta raba gidajensu, ya ce, "Allah ya sa ba irin zaren injin Basiru ba ne."

"Wancan injin dama kwanansa ya ƙare. Ni maganar ilimi nake. Kun san ƙasa rai gare ta?"

"Mun sani. Ai muna wurin, kai ne ka tafi ana tsakiyar magana. Cewa ya yi a haƙa rami, a zuba taki, a jira."

"A jira! Shi ya sa ba kwa ci gaba. Yaro ne, karatun takarda ya yi. In kana da aiki a gona, zama kake 'yan ƙwadago su yi mafarkinka, ko zuwa kake ka ɗauko su? Ni ɗauko garar zan yi da hannuna in kai ta bakin aiki. Ma'aikata dubbai, ba lada, ba fura, ba hutun salla."

"To wa zai nuna musu iyakar gonar?" in ji Basiru.

"Wanda ya ɗauke su aiki. Kuma daga yau Likitan Ƙasa za ku riƙa kirana."

Malam Hadi ya ce, "Allah ya jiƙan mara lafiyar."

Akwai wata dabara da masu kiwon zabi ke yi a wajenmu. In ana son gara don 'yan tsaki, sai a sami tsohuwar tukunya, a cusa mata busasshen kashin shanu da totuwa, a yayyafa ruwa, a kifa ta kusa da suri. Washegari da sassafe in ka ɗaga, za ka same ta cike maƙil. Tukunya ɗaya ake yi, don ta ishi 'yan tsakin gida. Shi kuwa gogan sai ya bi gari gida-gida yana aron tukwane. Ya fara da Inna Furera, tsohuwar da ta fi kowa zabi a garin, ta kuma fi kowa baki in ban da shi.

"Ɗan nan, zabi ka fara kiwo?"

"Inna, abin da nake kiwo ya fi zabi."

"To ko raƙumi ne, ka dawo min da tukwanena da bakinsu."

Har tukunyar miyar Safara'u bai bari ba. Ta sauke ta ta wanke ta kifa, ta juya ta ga wayam.

Ya jera tukwanen nan a gindin babban surin da ke bayan gari, kamar mai shirin buɗe kasuwa. Da safe ya zo da jakinsa, ya ɗaga, kowacce ta cika tana motsi. Ya yi kabbara shi kaɗai, ya loda su a mangala, ya rufe bakinsu da tsumma. Maimakon ya bi ta bayan gari ya wuce gona, sai ya biyo ta tsakiyar gari, don dai a gani.

Abin da bai lissafa ba shi ne, a cikin gara akwai masu jan kai, waɗanda in sun kama fata ba sa saki. Daidai bakin rijiya, inda mutane suka fi yawa, suka sami hanya ta ƙarƙashin tsumma suka sauka a gadon bayan jaki. Jaki ya tsaya cak. Mati ya ɗaga sanda. Jaki ya yi wani kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba, ya ɗaga ƙafafun baya, mangala ta yi sama, tukwanen rabin gari suka sauko suka tarwatse. Shi kuwa jaki ya ranta a na kare, sai da yamma aka gano shi a gonakin ƙauyen gaba.

Mai hankali zai ja da baya. Mati sai ya durƙusa yana tattara garar da hannu yana zubawa a gaban riga, yana cewa, "Kada wanda ya taka min ma'aikata!" Ma'aikata kuwa suka bi ta ƙafar wando suka kama aiki. Ya miƙe zumbur, ya yi tsalle, ya mari cinya, ya sake tsalle, ya kama tazuge ya tuna a bakin rijiya yake, ya saki. Basiru ya ajiye guga yana yi masa tafi daidai da takun. Kafin ya gama rawar, zabin Inna Furera da kajin unguwa sun iso, suka share wurin tas kamar an yi wa baƙo shara.

Da yamma ya zo majalisa yana tafiya a wawware, ya ƙi zama.

"Likita, ya jikin?" in ji Malam Hadi.

"Gwaji na yi. Na so in ga ƙarfin haƙorinsu. Wanda ya huda fatar mutum, faƙo wasa ne a wurinsa."

Da tukwanen da suka tsira ya sake ɗana tarkonsa. Wannan karon a ka ya ɗauka. Amma zabi sun riga sun gane shi. Yana fitowa daga bayan gari suka jeru a bayansa, yana tafe suna tafe, in ya tsaya su tsaya. Ya isa gona ya juye tukunya a kan faƙo, a tsakiyar rana, ba rami, ba inuwa, ba abin ci. Wadda rana ba ta kashe ba zabi suka tsince. Ya kore su gabas suka dawo ta yamma. Haushi ya kama shi, ya ɗauki hoge ya jefa, ya karya ƙafar wata zabuwa mai ƙwai. Ta Inna Furera ce.

Kafin azahar suna gaban Mai unguwa Abdussalam, tsohuwa riƙe da zabuwa kamar jaririya.

"Ranka ya daɗe," in ji Mati, "ni ne mai ƙara. Dabbobinta sun kashe min ma'aikata suna bakin aiki."

"Kai rufe mana baki! Ma'aikatan gidan wa? Ina tukwanena?"

"Inna, a harkar ci gaba dole a yi asara."

"To me ya sa kullum asarar ta wasu ce?"

Mai unguwa ya yi ta shafa gemu don ya ɓoye dariya. Ya yanke cewa Mati ya ba tsohuwa kaza a madadin zabuwarta, ya kuma daina yawo da gara a hanyar jama'a. Mati ba shi da ko gashin kaza. Ya shiga gida ya kama babbar kazar Safara'u ya miƙa, ya fito yana gaya wa mutane shi ya yi nasara, don ba a hana shi aikin ba, hanya kawai aka hana shi.

A nan ne ya yi tunanin da ya fi duk na baya muni. Ya ce tunda waje ba tsaro, bariki zai yi wa ma'aikatansa a cikin gida, ya ciyar da su su yi yawa su yi ƙarfi, in ruwa ya sauka ya kwashe su gaba ɗaya ya kai gona. Ya duba gidan kaf yana neman wuri mai inuwa da sanyi. Wuri ɗaya ne, ƙarƙashin rumbu.

Safara'u ta fito daga ɗaki ta same shi a tsugune da tsintsiya.

"Malam, me kake sharewa a nan?"

"Toka. Tana damun ma'aikata."

"Ai don ta dame su nake zubawa."

"Ke ba ki san ilimin ƙasa ba. Waɗannan nawa ne, na san halinsu. Kashin shanu suke ci. Mai kashin shanu a gabansa me zai yi da gero?"

"Kai da tuwo a gabanka ka taɓa ƙin nama?"

"Wannan daban."

"Malam, don girman Allah. Abincin yaran nan ne a sama, ba mu da wani. Ka kai su bayan ɗaki, ka kai su turken jaki, ka kai su duk inda ka ga dama, ban da nan."

"Bayan ɗaki rana. Kin fi so su mutu a yi min dariya?"

"Ai an riga an yi."

Wannan magana ta ƙona masa rai, ya kuwa ƙara himma. Ya share tokar tas. Ya kwaso kara da totuwa da kashin shanu ya cusa tsakanin duwatsun nan har suka taɓo itatuwan da rumbu ke kai, wato ya yi wa gara tsani da hannunsa. Ya kifa tukwanensa a ciki. Kullum safe da yamma ya jawo ruwa a rijiya ya yayyafa, a cikin bazarar da mutane ke layi kafin su sami na sha. Kaji suka zo tono, ya kama su ya cusa a akurki. Safara'u ta buɗe su da ya fita. Ya dawo ya gani, sai ya ɗaure su a kwando ya kai wa ƙanwarsa a wani ƙauye, wai kiwo. Ta zuba toka a ɓoye, ya share. Ta sake zubawa, ya ɗauke tokar murhun gaba ɗaya tun tana da zafi, ya ce daga yau shi ne mai kwashe toka a gidan nan. Wannan ne aikin gida na farko da aka taɓa ganin ya yi.

Ba a daɗe ba ma'aikata suka fara nuna ƙwazo. Ƙotar fartanyarsa ce ta fara tafiya, ya ɗaga sai ƙarfen ya faɗo masa a yatsa. Sai tabarmar zaure. Sai wata ranar Juma'a da hantsi, Mati na wanka a makewayi yana rera waƙa, dangar karan da ta raba shi da gidan Malam Hadi ta yi wata 'yar ƙara, ta kwanta gaba ɗayanta. Luba matar Malam Hadi na tsakar gida tana tankaɗe. Ta yi salati ta kifa rariya a fuska, wadda ba ta rufe komai. Mati ya rarumi kwaryar wanka ya tsuguna a bayanta, kumfa har ido, yana kiran Safara'u ta miƙo zane. Ta ce tana zuwa, ta kuwa ɗauki lokacinta.

Malam Hadi ya same shi a zaure, ransa a ɓace.

"Mati, danga ba komai ba ce, za mu kafa wata. Amma abin da ya ci danga yana ƙarƙashin rumbunka. Ka ɗaga jinkar nan ka duba."

"In buɗe rumbu da bazara? So kake a ce gidan Likitan Ƙasa yunwa ta sa an fasa rumbu tun ruwa bai sauka ba?"

"Gara a ce haka da a ce babu."

"Hassada ce ke damunka, Malam. Ka haƙa 'yan ramukanka kamar mai wasan dara kana jira, ni kuwa tawa rundunar har ta fara atisaye."

"A gidana ta yi atisayen."

"To ka gode, ba kowa ake fara gwadawa a gidansa ba."

Safara'u kuwa hankalinta bai kwanta ba. Takan tsaya kusa da rumbun da rana tsaka, lokacin da gari ya yi shiru, ta kara kunne a jikin zana. Wani ɗan sauti take ji, sif-sif-sif, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. A garinmu mace ba ta hawa rumbu, maigida ke buɗewa ya fitar. Ta roƙe shi, ta yi fushi, ta aika wa yayansa, duk a banza. In ta matsa, sai ya ce sautin aiki ne take ji, ta saba da shi.

Ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, har ƙasa ta yi sanyin shuka. Kowa ya ɗauko sungumi. Mati kuwa ya ce shi ba zai yi shuka a ɓoye kamar ɓarawo ba. Ya gayyaci mai unguwa, ya gayyaci majalisa, ya aika har Ɗanbatta a gaya wa malamin gona ya zo ya ga yadda ake aikin da shi yake faɗa da baki. Ja'afaru kuwa, da ya ji an ce wani manomi ya farfaɗo da ƙasa da gara, ya hau babur ya taho da murnarsa. Tunda danga ta faɗi ba a gyara ba, ba sai an yi sallama ba, rabin gari ya tsaya ta gidan Malam Hadi yana kallo. Mata suna leƙe ta ƙofofin ɗakuna. Inna Furera ta zo da kujerarta.

Ja'afaru ya duba hagu ya duba dama. "Malam, ina gonar?"

"Gona tana nan ba ta gudu. Nan ne hedikwata."

Ya nuna ƙarƙashin rumbu. Malamin gona ya sunkuya ya leƙa, ya ga jar ƙasa ta haɗe duwatsu da itatuwa ta haura jikin zana. Fuskarsa ta sauya.

"Malam, me ke cikin rumbun nan?"

"Gero, dami a kan dami. Yanzu zan buɗe in ɗebi iri, in kuma kunyata masu cewa ma'aikatana ɓarayi ne."

"Kada ka hau."

"Kun ji ko? Yaro ne, tsoro gare shi."

Mati ya sa babbar rigarsa ta salla, wadda gara ta riga ta yi wa ado a kafaɗa. Ya jingina tsani, ya hau, ya ture jinka. Daga sama kuwa ga dami nan lafiya lau, zangarniya jere gwanin sha'awa. Ya ɗago ɗaya sama yana juyawa don kowa ya gani.

"Ina Malam Hadi? Ina masu kara kunne? Ga gero! Ko ƙwaya ba su taɓa ba. Horo ke nan!"

Da a nan ya tsaya ya sauko, da ya sami ko da rabin yini na daraja. Amma Mati ne. Ya ce bari ya taka a ciki su ga yadda rumbu yake cike dam. Ya ɗaga ƙafa ya dire a kan damin.

Sai muka ga mutum ya rage tsawo. Ya nutse zuwa gwiwa, ya nutse zuwa ƙugu, yana riƙe da damin nan a sama kamar mai tsallaka kogi. Itatuwan ƙasa suka yi ƙara, rumbu ya karkata, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya zube gaba ɗaya. Zana ta yage. Abin da ya fito daga ciki ba gero ba ne. Jar ƙasa ce mai danshi, da ƙaiƙayi, da gara fari fat tana tafasa. Masu fiffike, da dama ruwan farko suke jira, suka tashi suka rufe tsakar gidan. Zabin Inna Furera, da suka daɗe suna kewar mutumin nasu, suka tsallako ta inda danga take a da, kajin unguwa na biye. Suka hau tarin, suka hau kafaɗar Mati, wata zabuwa mai ɗingishi ta tsaya a kan hularsa tana tsince masa wuya.

An yi dariya, ba zan ɓoye ba. Basiru har da kwanciya a ƙasa. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa a wurin manomi ne, kowa ya san abin da ke zube a gabansa.

Ja'afaru ya durƙusa ya damƙi ƙasar, ya murza, ya sansana.

"Ƙasa kam ta yi kyau," ya ce a hankali. "Ban taɓa riƙe mai kyanta ba. Amma Malam, ni a gona na ce. Da me ka ciyar da su haka?"

Malam Hadi ya ce, "Da abincin damina."

Sai ga murya daga cikin tarin, ƙasa har baki:

"Kun dai ji da kunnenku! Ya ce bai taɓa ganin irinta ba!"

Babu wanda ya yi saurin jawo shi. Safara'u ta fito da mayafinta da ƙwarya a hannu, ta wuce ta gabansa kamar ba ta ga mutum ba, ta tsuguna tana tsince zangarniyar da ta tsira. Luba ta zo ta taya ta, Inna Furera ma ta bar kujerarta ta kore zabinta da kanta. Abin da suka tara, ko an yi tattali, ba zai kai noman farko ba. Yaran gidan suna tsaye a bakin ɗaki suna kallon ƙwaryar, ko ƙaraminsu bai yi dariya ba. Ni wannan ne ya tsaya min a rai, har yau in na tuna sai in ji haushin mutumin nan sabo.

A unguwarmu maza ciyayya muke yi. Bayan magariba kowa a fito masa da akushinsa ƙofar gidan Malam Hadi, a haɗa a ci tare. Mun ɗauka ranar Mati zai ɓuya. Sai ga shi ya yi wanka, wuya duk kumburi, ya zauna a wurinsa na kullum.

"Kuskuren lissafi ne kaɗan," ya ce. "Yanzu na gane. Baɗi in Allah ya kai mu, da tana zan yi. Ita ba ta da haƙori."

Yana cikin magana Safara'u ta fito. Tunda aka kawo ta garin nan ba mu taɓa ganin ta kawo abinci ƙofar gida da kanta ba. Ta durƙusa ta ajiye akushi a gabansa, a rufe da faifai, ta gaishe mu. Mati ya gyara zama, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani? Gidan Likitan Ƙasa ba a kwana da yunwa."

Ya ɗaga faifai. Jar ƙasar nan ce, an malmala ta da kyau kamar tuwo, har da shafa mata ruwa a sama.

"Abin da ya tsira na yara ne, Malam," in ji Safara'u. "Wannan ne naka. Kai ka noma shi."

Ta miƙe ta koma ciki. Tunda nake da Mati, ranar ce kaɗai na ga ya nemi magana ya rasa. Muka ci tuwonmu, shi yana zaune da akushinsa a gaba. Can Malam Hadi ya ɗauki nasa kwanon, bai ko dubi Mati ba, ya miƙa wa Basiru ya ce a shigar wa yaran Safara'u.